Ruwan Daɗi a Tsakiyar Teku

Tundani, Pemba
Ran Talata

Zuwa ga jikana Khatibu bin Hamad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da duk wanda ke cin abinci tare da ku a Darussalam.

Yau Talata na tashi da gwiwar hagu a kumbure, tarin nan kuma bai je ko'ina ba. Idon dama farar yana ta gama rufe shi, na hagu yana bin sawu. Malamin asibiti ya ƙara mini wata jar ƙwaya a kan fararen, ya ce in rage gishiri. Mutumin da ya tsufa yana haɗiyar teku ake ce wa ya rage gishiri. Ban da wannan lafiyata ƙalau.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Kunne ya hana. Wancan karon da aka manna mini ita ban ji komai ba sai kukan sauro a gwangwani. Ni rubutu aka koya mini, da bulala kuwa, saboda haka ka daure ka karanta.

Kaskazi, iskar arewa, ta fara gajiya. Jiya da hantsi tutar makaranta ta rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ka san abin da ke biyo baya, ko da yake kana ƙarami aka tafi da kai. Iskar arewa za ta faɗi, ta kudu ba ta taso ba, teku ya kwanta luf na ɗan lokaci, garau, har mutum ya ga inuwarsa a kan yashin ƙasa. Daga nan kusi, iskar kudun, ta zo da ruwan sama da laka, sai kuma baɗi. Ni kuwa ba mu yi alkawari da baɗi ba.

Maganar rijiyarmu ce. Ubanka ya kamata ya gaya maka, Allah bai ba shi kwana ba. Can bayan duwatsun murjani, inda ruwa ke komawa shuɗi, akwai wurin da ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku. Ruwan sha, mai sanyi, a tsakiyar gishiri. Kakana Faki ne ya gano shi, kuma shekarar da rijiyoyin gari suka koma zartsi, da shi gidanmu da maƙwabta suka rayu. Yakan fita da gora kamar mai zuwa wanka, ya dawo da ita cike, ba wanda ya san daga ina. Faki ya nuna wa ubana Kombo, Kombo ya nuna mini, na nuna wa Hamad, Hamad ya riga ni tafiya. Saura kai.

Ba a rubuta wurin, ba a faɗarsa a tudu, ba a nuna shi da yatsa. Ba a zuwa da kwalekwale, domin katako ba ya jin sanyi. Babba da ƙarami su shiga ruwa, su yi iyo, sai ƙafa ta daina taɓa ƙasa sannan a faɗi alamomin da ake dubawa a gaɓa. Kuma sai ranar da teku ya kwanta. In akwai ko ɗan motsi, sanyin yakan watse, ka wuce ta kansa ba ka sani ba.

Bana rijiyar masallaci ta fara ɗanɗanon zartsi. Na gaya wa liman, ya ce bakina ne.

Ina nan ni kaɗai da kyanwa. Riziki, jikar ƙanwata Mwatima, ita ke kawo mini rogo da kifi tun rasuwar kakarka. Yanzu ta tsiro da sabon abu. Tana tara matan da ke noman ciyawar teku tana koya musu iyo, kowace rungume da jarka rawaya, suna ta facal-facal a ƙarƙashin tagata, mata masu jikoki. Har ta buɗe baki ta ce in nuna mata rijiyar. Na ce ke 'yar gidan wasu ce, ajiye kwanon ki tafi.

Ka zo kafin iska ta juya. Ka gai da mahaifiyarka.

Kakanka,
Shaame bin Kombo

*

Darussalam

Shikamoo Babu,

Ina gaishe ka da girmamawa, Babu kakana. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Mama, ta yi dariyar maganar gishiri har da hawaye. Tana gaishe ka ƙwarai. Babu, don Allah a riƙa shan maganin, kada a ba kyanwa.

Maganar rijiya na ji, kuma wallahi abin ya burge ni. Sai dai yanzu aiki ya yi yawa a shago, kaya sun iso tashar jiragen ruwa, maigidana ko numfashi ba ya bari mu yi. Amma na yi tunani, ga hanya mai sauƙi. Ina da aboki, Salum, yana da jirgi mai inji, da wata na'ura da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. In mun zo sai ka zauna abinka a kan kujera, ko tafin ƙafarka ba zai jiƙe ba, ka nuna mana wajen, mu sa masa alama a waya. Shi ke nan ba zai taɓa ɓata ba, ko jikokin jikoki sa same shi. Ko kuma ka faɗa wa Riziki alamomin ta ɗauki muryarka ta turo mini, ni zan adana.

Ga rigar ceto nan na haɗo da wasiƙar, sabuwa ce fil, irin ta ma'aikatan jirgi. A shekarunka bai kamata ka shiga ruwa haka nan ba. Af, Babu, in tambaye ka mana, a al'adar akwai laifi in wanda za a nuna wa shi ma ya sa irinta? Tambaya ce kawai.

Zan duba ƙarshen wata in Allah ya so. Ka huta, ka daina faɗa da liman.

Jikanka mai ƙaunarka,
Khatibu

*

Tundani
Ran Lahadi

Khatibu,

Marahaba, na amsa gaisuwarka. Gwiwa ta ɗan saɓe, tari ya ƙaru, raina kuwa a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Na rubuta maka ba a zuwa da kwalekwale, ka amsa mini da jirgi mai inji. Na rubuta ba a faɗa a tudu, ka ce in faɗa wa waya. Ashe a makarantunku na yanzu ana koyar da karatu ba a koyar da fahimta? Wane ne Salum? Ɗan wa? In na'urarsa ta ga wurin yau, gobe zai kwaso baƙi masu jajayen kafaɗu su zo su yi ta ɗaukar hoto a kan rijiyar Faki, suna zubar da mai a ciki.

Rigarka ta iso. Na naɗe ta na tokare gwiwa da ita, a nan dai ta yi amfani. Mutum ya ɗaure cikinsa da soso, da me zai ji sanyin? Da ciki ake gane wurin, yaro. Kana tafe cikin ruwa mai ɗumi kamar shayin jiya, sai ka ji kamar an shafa maka hannu mai sanyi daga ƙirji zuwa cibiya. Wannan kake so ka tura ta waya?

Iska ta faɗi tun shekaranjiya. Da ka ga tekun yau! Ba ko yamutsi ɗaya, kamar an zuba man kwakwa a faranti. Jiragen masunta sun tsaya cik da filafilansu a sake, mutanen ciki suna barci. Ko ni da rabin ido ina jin hasken a fuskata. Irin wannan rana ubana yakan bar gonar kanumfari ko da ana tsakiyar tsinka. Ni kuwa ina zaune a dakali kamar buhun gawayi, ina sauraron mata da jarkoki.

Riziki ta zo da ayaba dafaffiya da madarar kwakwa, ta tarar ina kallon ruwa. Ta ce, "Babu, saurayin naka bai zo ba?"

Na ce, "Yana hanya."

Ta ce, "Hanyar nan da tsawo. Ko da ƙafa ya taso?"

Na ce ta kama bakinta. Ta ce bakin nata ne ke ɗanɗana mini miya, in ta kama shi sai in ci lami. Ka ji irin abin da nake sha saboda kai.

Ƙarshen wata na masu albashi ne. Teku ba ya karɓar albashi. Ka roƙi maigidanka, in ya ƙi ka ce kakanka na mutuwa, ba ƙarya ka yi sosai ba.

Shaame

*

Wete

Zuwa ga Yaya Shaame,

Sallama da gaisuwa irin ta jini. Surukata Time ce ke rubutawa, ni ina faɗa, tunda ni ba a kai ni makaranta ba, kai aka kai. Ta ce in sassauta harshe, na ce ta rubuta yadda na faɗa ko in nemi wani.

Ya jiki? An ce kana zagin liman, na ce to da sauran ƙarfinka.

Khatibu ya kira ni, yaron nan kamar zai yi kuka. Ya ce kada in gaya maka, shi ya sa nake gaya maka. Yaya, yaron bai iya ruwa ba. Ko kaɗan. Ko a jirgi ya shiga, tsakiya yake zama ya runtse ido har a iso. Kai da iliminka ba ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka ba? Yana ɗan mitsitsi uwarsa ta ɗauke shi bayan rasuwar Hamad, ta raine shi a bene hawa na uku, wa zai koya masa, famfo? Ku mazan gidan Faki kun ɗauka da iyo ake haifarku kamar 'ya'yan kifi. Ya aiko maka da rigar ceto, har ya tambaye ka a fakaice, kai kuma ka tokare gwiwa da ita. Wallahi tsufa bai ƙara maka komai ba sai gemu.

To bari in faɗi tawa, na daɗe ina riƙe da ita. Ranar da Baba ya kai ka rijiyar nan, wa ya tsaya a gaɓa riƙe da zannuwanku? Ni. Rana ta gasa ni, ina kallon kawunanku biyu suna ƙanƙancewa kamar kwakwa a ruwa. Da kuka fito wa ya ɗauki gorar a ka har gida? Ni. Na ce Baba in kurɓa, ya ce in an je gida. Da aka je gida aka zuba a randa aka gauraya da na rijiya. Har yau ban san ɗanɗanonsa shi kaɗai ba. Ni ba jikar Faki ba ce? Ko ta taga aka jefo ni?

Riziki jinina ce, ni kuma jininka. Shekara nawa tana dafa maka, tana wanke maka, tana jure bakinka wanda ko kyanwar taka ba ta jurewa? Tana iyo har tsibirin tsuntsaye ta dawo ba ta haki. Matan nan da kake yi wa dariya, ciyawarsu ce ke mutuwa a ruwan gaɓa saboda zafi, dole su matsa ciki, biyu kuma sun nutse kafin ta fara koya musu. In rijiyoyi suka koma zartsi, su wa za su nemo ruwa? Mai shago a Darussalam?

Ka nuna mata. In ka tafi da ita kabari, ka shirya abin da za ka gaya wa Faki.

Time ta ce hannunta ya gaji. Ga alewa nan, kada ka cinye rana ɗaya.

Ƙanwarka,
Mwatima binti Kombo

*

Tundani
Ran Laraba

Mwatima,

Na karanta. A'a.

Ba ni na kafa al'adar ba, ba kuwa ni zan rushe ta ina bakin kabari ba. Alewar ta yi tauri, ta tafi da haƙorina ɗaya. Ki gai da Time, rubutunta ya fi maganarki kyau.

Yayanki,
Shaame

*

Tundani
Ran Laraba

Khatibu,

Bayan gaisuwa. Jiki da sauƙi, sai dai abinci ya ƙi shiga tun da wasiƙar Mwatima ta zo.

Ta gaya mini. Kada ka ji haushinta, tun tana yarinya ba a ba ta ajiyar magana. Na zauna na juya abin, na kasa gaskatawa. Jikan jikan Faki, ɗan Hamad wanda yakan nutsa har mu fara salati kafin ya ɓullo, wai bai iya ruwa ba! Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko, ka bar ni ina ɓata tawada, ranaku masu kyau suna wucewa?

To ba komai, abin da ya wuce ya wuce. Iyo ba karatun likita ba ne. Ka zo, Riziki za ta ba ka jarka. Akwai wata Bi Mwajuma a cikin ɗalibanta, ta kusa sa'ata, ƙiba kuwa sai ta cika ƙofa, yanzu tana kaiwa murjani ta dawo. In ita ta iya, kai ma ka iya. Ka shiga cikinsu da safe, za su yi maka dariya kwana biyu su gaji. Ni ma zan zauna a gaɓa in riƙa gyara maka.

Masunta sun ce da sauran 'yan kwanaki kafin kusi. Na sa an share ɗakin ubanka, an shanya katifa.

Kakanka,
Shaame

*

Darussalam

Shikamoo Babu,

Na gani. Ban so Bibi Mwatima ta faɗa ba, amma shi ke nan. Ba ƙin faɗa na yi ba, Babu, ban san ta inda zan fara ba ne. Kowa a gidan nan labarin ruwa ake ba ni a kansa.

Maigida ya ba ni hutu. Zan shigo jirgin Asabar in Allah ya yarda, in hau motar yamma daga tashar Mkoani. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah kada a tara mini mata. Kuma kada ka gaya wa kowa a gari.

Jikanka,
Khatibu

*

Tundani
Ran Juma'a da yamma

Mwatima,

Sallama. Ina kwance nake rubuta wannan, allon yanka kifi a kan cinyata. Kafaɗuna kamar an daka, ƙirji yana kuka, ban samu zuwa masallaci ba. Zan gaya miki abin da ya faru da kaina, kafin matan garin nan su kawo miki shi da ƙari.

Khatibu zai zo gobe. Ya ce kada in gaya wa kowa, ban kuwa gaya wa kowa ba sai liman da mai shayi, sai Riziki don ta tanadi jarka.

Da safe na fito dakali na ji garin ya yi tsit, ko ganyen kwakwa ba ya motsi. Amma gwiwata ta gaya mini akwai hadari a kudu, masunta kuma suna ta jawo jiragensu tudu. Sai na ce a raina, rabona da rijiyar nan tun kafin rasuwar matata. In yaro ya zo gobe na kai shi na yi ta lalube fa? Gara in je in duba ita tana nan. Dubawa kawai. Na ɗaura tsohon zanena, na ɗauki kwalbar magani wadda ta ƙare, na gangara da sanda.

Ruwa ya kai mini ƙugu ke nan na ji murya a bayana.

"Babu! Ina zuwa?"

Na ce, "Wanka."

Ta ce, "Da kwalba? Wankan jarirai za ka yi?"

Na ce ta koma wajen ɗalibanta. Ta ce ta sallame su. Ta ce in na ga dama in nutse, amma ba a ranar da ta riga ta jiƙa shinkafar baƙo ba, don ba za ta yi girkin zaman makoki da ita ba. Ta turo mini jarka. Na ture. Ta sake turowa. Na yi iyo kamar tsawon masallaci, hannuwana suka ce ba su san zancen ba, na haɗiyi gishirin da malamin asibiti ya hana ni. Da na ɗago, jarkar tana gaban hancina. Mwatima, na rungume ta. Ni Shaame bin Kombo. In kika yi dariya Allah ya gani.

Ta ɗaura igiyar jarkar a ƙugunta ta ja ni kamar akuyar da za a kai kasuwa. Amma ruwan, Mwatima! Ɗumi, laushi, ba ya ko mari fuska. Na sa kaina ciki na buɗe idon hagu, sai ga haske yana rawa a kan yashi, ga inuwarmu biyu tana bin mu a ƙasa, ƙananan kifaye suna ratsa ta. Na manta gwiwa. A ruwa ba ni da gwiwa, ba ni da shekaru. Muka wuce murjani, ruwa ya koma shuɗi, ba ƙarar komai sai numfashinta da ɗigar ruwa daga hannunta.

Na ce ta tsaya. Na juya na dubi gaɓa don in daidaita alamomi. Ban ga komai ba. Fari kawai da kore, a dame kamar kunu. Na murza ido, na sake dubawa. Na daɗe a haka.

Ta ce a hankali, "Babu, in ara maka nawa?"

To ki gaya mini, me zan yi? Ƙafa ta daina taɓa ƙasa, a cikin ruwa muke, ba a tudu ba. Na tambaye ta ko tana ganin abu kaza. Ta ce tana gani. Wannan ba zan rubuta ba. Na ce to ta nemi babban mangwaron da ke bayan gidan Shehe Ali, ta gaya mini in ya yi daidai da kaza. Ta ce, "Wane mangwaro? Ai tun bara waccan aka sare shi aka fafe kwalekwale da shi. Har ka ci kifin da aka kamo a ciki."

Na zagi Shehe Ali, na zagi magadansa, na zagi mai gatarin. Bishiyar da Faki ya zaɓa! Gari guda ba wanda ya ga ya dace a gaya mini! Ta ce, "Wa ya san taka ce, tunda ba a faɗa a tudu?"

Sai muka bi layin alama ɗayar, tana ja, ina saɓe a kan jarka da cikina a ruwa kamar mataccen kifi. Muka je, muka dawo. Muka sake. Rana ta hau, haƙorana suka fara kaɗawa, ta ce mu koma, leɓɓana sun canza launi. Na ce sau ɗaya. Ta ce na faɗi haka ɗazu. Muna cikin wannan musu sai na ji shi. Hannun nan mai sanyi, daga ƙirji zuwa cibiya. Ban ce komai ba, wallahi ban ce ba. Ita ce ta yi ƙara, ta ce, "Wayyo, Babu, wani abu ya taɓa ni!"

Na ce, "Leƙa ƙasa."

Ta leƙa ta ce ruwan wurin yana rawa kamar iskar da ke kan garwashi, akwai tsaga a dutse, yashi yana tafasa a bakinta. Ta karɓi kwalbar ta toshe da yatsa ta nutsa. Na ga ƙafafunta sun tafi, na zauna ni kaɗai a kan teku da jarka, ina jin sanyin yana tasowa. Ta ɓullo bakinta a cike. Ta haɗiye, ta dube ni, ta fashe da kuka, mace da 'ya'ya uku. Na ce ta bar ƙara wa teku gishiri ta miƙo kwalbar. Na kurɓa. Yana nan yadda yake, Mwatima. Kamar ruwan sama a sabon tulu.

Sai ta juya ta daɗe tana duban gaɓa, tana karkata kai. Ta ce, "Na samu wata a madadin mangwaron. Wannan gatari ba ya cin ta."

Na ce, "Mece ce?"

Ta ce, "Haba Babu, ko na faɗa gani za ka yi? Kuma ai sai ɗan gida ake gaya wa."

Kin ji rashin kunya. A tsakiyar teku, a kan rijiyar kakana.

Yadda muka dawo ba na so in tuna. A gaɓa Bi Mwajuma ce ke riƙe da sandata, ta miƙo mini ba ko dariya, Allah ya yi mata albarka.

Ki sani ban nuna mata ba. Ido na ara, ita kuma ta ji sanyi a cikinta, wannan ba laifina ba ne. Al'ada tana nan. Gobe in yaron ya zo ya koyi ruwa, ni zan faɗa masa alama ta farko, ta biyun kuwa sai ya roƙe ta.

Ta sake nutsawa ta cika wata 'yar kwalba da ta ɓoye a ɗankwalinta, ashe da shirinta ta zo. Ta ce taki ce, direban motar Wete zai kawo miki. Kada ki zuba a randa.

Yayanki,
Shaame

*

Tundani
Ran Lahadi

Khatibu,

Zazzaɓi ya ɗan sauka, tari yana nan.

Kusi ta iso jiya bayan la'asar, da ruwa da iska, ta ɗauke wa mai shayi rumfa. Teku ya koma ruwan ƙasa, yana ta dukan murjani.

Na ajiye maka rabin kwalba daga rijiyar. Da safen nan na ga ƙura ta fara shiga, sai na sha jar ƙwayata da shi.

Rigar ceton na cire ta daga ƙarƙashin gwiwa, Riziki ta wanke, tana rataye a ƙusa a ɗakin ubanka. Na gane ko ta wa ce. Duk ran da ka zo ka sa abarka, ba wanda zai tara maka mata. In ba ka same ni ba, ka tambayi Riziki, amma ka iya bakinka, ba ta da sauƙi.

Jiya na sa an kai mini kujera bakin hanya. Motar yamma ta zo, ta sauke buhun siminti da wata mata da kaji. Na tambayi direba ko akwai saura a ciki, ya ce babu.

Shinkafar mun ba maƙwabta.

Kakanka,
Shaame bin Kombo